Zaɓen Samfefa Kafin a Shafa wa Katako Mai ko Fenti

Darasi domin Hakimai da Malamansu

Babu gundumar da ba a aikin katako a cikinta. Ko wace shekara a kan ba kafintoci kwangilar bencina da tebura na makarantu, da ƙofofi da tagogi na ɗakunan shan magani, da kabad na ajiyar takardu a ofis. Sau da yawa hakimi a kan nema ya shaida cewa aiki ya kammala, malaminsa kuwa shi ke rubuta takardar da za a biya kuɗi a kanta. Kuɗin nan na jama'a ne, ko daga baitulmali ya fito, ko daga karo-karon da talakawa suka yi. Saboda haka wanda zai sa hannu a takarda ya kamata ya san abin da ya ke dubawa.

Galibin masu duba aiki ƙyalli su ke kallo. In tebur yana walƙiya ran da aka kawo shi, sai a ce ya yi kyau. Amma bayan damina ɗaya da hunturu ɗaya sai a ga fenti yana ɓarewa, ko rini ya yi dabbare-dabbare, ko sartse ya shiga hannun ɗan makaranta. Mafarin waɗannan aibobi sau da yawa yana ga gugar da aka yi wa katakon tun ba a buɗe gwangwanin fenti ba. Hausawa sun ce, tun ran gini tun ran zane. Darasin nan zai bayyana yadda a ke zaɓen samfefa, da lambar da a ke farawa da ita, da wadda a ke tsayawa a kanta, da kuma abin da ya kamata malami ya rubuta cikin yarjejeniya.

1. ABIN DA A KE KIRA SAMFEFA

Samfefa takarda ce mai ƙarfi, ko ƙyalle, wadda aka shafa wa gam aka barbaɗa mata tsabar dutse mai kaifi. Ko wace tsaba kamar 'yar wuƙa ce, in an goga ta sai ta yanki ɗan abin da ta taɓa na katako. Kafin a sami ta kanti, masassaƙa da abin da ke kusa da su su ke gyara aikinsu, kamar yashi da ganye mai kaushi. A kurmin Afirka ta Yamma akwai wani ɗan'uwan ɓaure mai kaushin ganye ƙwarai, wanda Yarabawa ke kira epin, an daɗe ana goge ƙwarya da kayan sassaƙa da shi.

A shekarar 1833 wani Bature mai suna John Oakey ya kafa sana'ar yin samfefa a birnin Landan, da garin kwalba ya ke yin ta. A 1921 kuma kamfanin 3M na Amurka ya fitar da irin wadda ruwa ba ya lalata ta. Yanzu iri uku ne suka fi amfani ga kafinta.

Na farko, mai tsabar alminiyam oksaid. Ita ce ta fi yawa a kasuwa, ta kuma fi jimiri, ana iya aikin katako da ita daga farko har ƙarshe.

Na biyu, mai tsabar ganet, watau wani jan dutse da a ke haƙowa. Tana saurin cinyewa, amma sawunta yana da taushi, shi ya sa a ke son ta wajen gugar ƙarshe da hannu.

Na uku, mai tsabar silikon kabaid, baƙa ce ko toka-toka, ita ce masu fentin mota ke jiƙawa da ruwa. A aikin katako wurinta shi ne tsakanin shafi da shafi, bayan banish ko fenti ya bushe.

Mai garin kwalba tana da araha, amma nan da nan ta kan dakushe, arahar tata ba ta kan zama riba ba.

2. MA'ANAR LAMBAR DA KE BAYAN TAKARDA

In aka juya samfefa za a ga lamba a bayanta, kamar 80 ko 120 ko 220. Asalin lambar daga rariya ne. Kamar yadda mata ke tankaɗe gari, haka a ke tankaɗe tsabar dutsen a ma'aikata don a ware manya da ƙanana. Lambar tana nuna kimanin yawan idanun da ke jere cikin inci ɗaya na rariyar. Rariya mai idanu 80 a inci idanunta manya ne, tsabar da ta bi ta ciki babba ce. Mai idanu 220 kuwa sai tsaba ƙarama ƙwarai ke wucewa. Ashe ke nan, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babbar lamba ita ce mai laushi. Ga yadda a ke kasa su:

Lamba 40 zuwa 60. Masu kaushi ƙwarai. Tsabar 60 ta ɗan ɗara rubu'in milimita. Aikinsu cire tsohon fenti da rage tudu. Ba a kusantar da su ga katakon da aka riga aka kankare.

Lamba 80 zuwa 100. Tsabar 80 kamar humusin milimita ce. Da su a ke shafe sawun inji da na makankari.

Lamba 120 zuwa 150. Tsabar 120 sumunin milimita ce. Su ne na tsakiya, su ke shafe karcen da masu kaushi suka bari.

Lamba 180 zuwa 220. Tsabar 220 kusan kaurin silin gashin kai ce. Su ne na gugar ƙarshe a kan katako tsura.

Lamba 320 zuwa 400. Waɗannan na tsakanin shafi da shafi ne.

Akwai abu biyu da za su iya rikita mai saye. Na ɗaya, ƙa'idar Turai da ta Amurka ba ɗaya ba ce. Ta Turai ana sa mata harafin P a gaban lamba, kamar P120, ta Amurka kuwa lamba ce kurum. Daga 220 zuwa ƙasa kusan daidai su ke, amma daga nan zuwa sama sai su rabu: P400 daidai ta ke da 320 ta Amurka, P800 kuma da wajen 400. Na biyu, tsofaffin kafintoci sun saba da lambobin Ingila na dā, na samfefar kwalba, watau 00, 0, 1, 1½, F2, M2, S2, 2½ da 3. A wannan tsari babbar lamba ita ce mai kaushi. In dattijon kafinta ya ce a sayo masa lamba ɗaya, ya kamata a tambaye shi wane lissafi ya ke nufi.

3. YADDA GUGA KE AIKI

Manomi zai fi kowa saurin gane wannan. Samfefa huɗa ta ke yi a fuskar katako, ta bar kunya da kwari, sai dai ƙanana ne har ido ba ya rabe su sosai. Mai kaushi kwarinta da zurfi. Aikin wadda ke bin ta shi ne ta baje kunyoyin nan har ƙasan kwarin, ta bar nata waɗanda ba su kai na farko zurfi ba. Haka a ke bi daki-daki har karcen ya ƙanƙance, ido ya daina ganinsa ko da an shafa mai.

Daga nan ne aka sami ƙa'idar da ta fi ko wace muhimmanci a wannan aiki, watau kada a tsallake lamba da nisa. Lambar da za ta biyo baya kada ta ɗara ta farko da fiye da rabinta. Bayan 80 sai 120, bayan 120 sai 180. Ko kuwa a bi 100, da 150, da 220.

Kafinta mai gaggawa ya kan goge da 80, sa'an nan ya ɗauki 220 don ya rage wahala da kuɗin takarda. Tsabar 220 ba ta da girman da za ta kai ƙasan kwarin 80. Kan kunya kaɗai za ta sulɓe, garin katako kuma ya cike kwarin, in an shafa hannu a ji sumul. Ranar da aka shafa banish ko rini sai asiri ya tonu, gama ruwan ya kan taru cikin karcen ya yi duhu, ko wane layi ya fito fili. Mutane da yawa suna tsammanin banish rufin asiri ne. Banish kamar gilashi ya ke, abin da ke ƙarƙashinsa ya ke nunawa, har ya ƙara masa fitowa. In kuwa karce ya bayyana bayan shafi, ba shi da magani sai a kankare a koma farko, an yi hasarar mai da kwanaki.

4. LAMBAR DA ZA A FARA DA ITA

Takardar fari ita ke ɗaukar mafi yawan aiki, gama ita ce za ta kawar da aibun da ke jikin katakon. Waɗanda ke bin ta karcen 'yan'uwansu kaɗai su ke shafewa. Ƙa'ida ita ce a fara da mafi laushin takardar da za ta iya kawar da aibun ba tare da ɓata lokaci ba. In an fara da mai kaushi fiye da kima an jawo wa kai aiki, in an fara da mai laushi fiye da kima a wuni ana guga aibu yana nan.

Katakon da ya fito daga bakin zarto bai isa samfefa ba tukuna, sai an kankare shi da makankari ko da inji.

Wanda inji ya kankare ya kan fito da 'yan tudu-tudu a jere kamar igiyar ruwa, ba a cika ganinsu ba sai an karkata shi ga haske. A fara masa da 80 ko 100.

Wanda gwanin kafinta ya kankare da hannu, da makankari mai kaifi, 120 ta ishe shi farawa, wani lokaci ma 150.

Filawud fatarsa ta sama siririya ce, sau da yawa ba ta kai milimita ɗaya ba. A fara masa da 150 ko 180, da hannu marar nauyi. In aka huda fatar nan ba ta gyaruwa.

Tsohon tebur ko ƙofa da za a sabunta, a fara kankare tsohon shafin da ƙarfe, sa'an nan a bi da 60 ko 80.

Inda katako ya loɓa don an buge shi da guduma, ba sai an cinye kewayen wurin da guga ba. A ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kai, a danna dutsen guga mai zafi, tururi zai kumbura wurin ya taso. In ya bushe sai a goge.

5. LAMBAR DA ZA A TSAYA A KANTA

Ba a cewa mafi laushi shi ne mafi kyau. Abin da za a shafa shi ke nuna inda za a tsaya, don haka tilas a san shi tun kafin a fara guga.

Fenti. Fenti yana da kauri, yana rufe ƙananan karce, kuma yana bukatar ɗan kaushin da zai kama. A tsaya a 120 ko 150. Bayan shafin fari ya bushe a bi shi da 220 sama-sama.

Banish, watau man ƙyalli mai yin fata a kan katako. A tsaya a 150 ko 180, iyaka 220. Wucewa nan ɓata lokaci ne, gama santsin da hannu zai ji daga baya na fatar banish ne, ba na katakon ba.

Rini. Nan ne zaɓen lamba ya fi nuna kansa. Katakon da aka tsaya masa a 120 ya fi shan rini, ya fi duhu. Wanda aka kai 220 kaɗan ya ke sha, launinsa ya fi haske. Saboda haka 150 ko 180 su ne madaidaita, kuma lalle ne dukan sassan abu guda su tsaya a lamba ɗaya. In saman tebur ya tsaya a 180, ƙafafunsa a 120, za su fito kamar ba daga itace ɗaya aka yanke su ba. Bakin katako, watau inda zarto ya gitta jijiyar itacen, ya fi ko'ina shan ruwa, sai ya yi baƙi. Maganinsa a ƙara masa lamba ɗaya gaba da ta sauran jikin: in jiki ya tsaya a 180, baki ya kai 220.

Man da ke nutsewa cikin itace, wanda ba ya yin fata. Da ya ke hannu katakon kansa zai riƙa taɓawa, a kai 220, in ana son ƙarin santsi a kai 320.

Shafin da a ke sirkawa da ruwa. Ruwa ya kan tayar da 'yan gashin katako, in ya bushe a ji shi da kaushi kamar ba a goge ba. Don haka bayan an gama da 180 sai a shafa jiƙaƙƙen tsumma, a bari ya bushe sarai, a bi da 220 sau ɗaya ko biyu, iyakar abin da zai kwashe gashin. In aka zurfafa sai a tono sabon gashi.

Wuraren da ido ba ya gani, hannu ba ya kaiwa, kamar bayan kabad da ƙarƙashin tebur, 100 ko 120 ta wadatar. Wannan tsimi ne na halal, ba ha'inci ba. Amma ƙarƙashin bakin benci, inda yara ke riƙewa, a lissafa shi cikin wuraren da hannu ke kaiwa.

6. HALIN ITATUWA

Itatuwa ba halinsu ɗaya ba, wanda ya san halinsu shi ke cin ribar takardarsa.

Maɗaci jijiyarsa a sarƙe ta ke, wani layi ya nufi gabas wani ya nufi yamma, shi ya sa makankari kan fizge shi a wurare. Sai an daɗe a kan takardar fari kafin wuraren nan su baje. In an bi da shi daidai har 180, kaɗan ne itacen da ya fi shi kyau da banish.

Loko, wanda a kudu a ke kira iroko, yana da nauyi da ƙarko. A kan sami wani abu mai tauri kamar dutse a cikinsa, mai dakusar da kayan aiki. A tanadi takarda da yawa.

Obece fari ne, marar nauyi, mai taushi. Takarda mai kaushi ta kan yi masa rami nan da nan. A fara masa da 120, da sabuwar takarda, gama dakusasshiya gashi ta ke tayar masa.

Ƙirya da sauran itatuwa masu tauri ba su karɓar karce da sauƙi, amma in sun karɓa ba su sakinsa da sauƙi. A kansu ne tsallake lamba ya fi muni.

Maje yana da ƙaro mai toshe takarda. A nema masa irin samfefar da aka barbaɗa wa tsaba da tazara, wadda gari ke samun wurin fita.

Tik yana da maiƙo a jikinsa. Bayan guga a share shi da tsumma mai tina, a bari ya sha iska, kafin a shafa banish.

Malaina tana da wuyar bushewa, sau da yawa a kan kawo ta kasuwa da sauran ruwa a ciki.

Wannan magana ta bushewa ta shafi dukan katako. Yawancin katakon da a ke aiki da shi a Arewa daga kurmin kudu a ke kawo shi, inda iska ke da laima. In ya iso ya gamu da hunturu sai ya tsuke, ya kan kuma tanƙware ko ya tsage. Gugar da aka yi wa ɗanyen katako aikin banza ce. Alamarsa ita ce garin ba ya tashi kamar ƙura, sai ya dunƙule ya liƙe a takarda. In an ga haka a jera katakon a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa, a jira.

7. HANYAR GUGA

Ko an zaɓi lamba daidai, mugun hannu ya kan ɓata aiki. Ga abubuwan da mai lura zai duba in ya shiga shagon kafinta:

(a) A bi tsawon jijiyar itace, kada a gitta ta. Karce guda na gicciye ya fi ɗari na tsaye fitowa.

(b) A naɗe takarda a guntun katako mai shafaffen ciki. Yatsu tsura su kan bar kwari-kwari a fili.

(c) Kada a danna da ƙarfi. Kaifin tsaba ke yanka, nauyin hannu zafi kawai ya ke jawowa, ya toshe takarda.

(d) Kafin ko wace lamba a yi zane-zane da fensir sama-sama a fuskar katakon. In zanen ya ɓace ko'ina, lambar ta gama aikinta.

(e) A kakkaɓe gari sarai kafin a sake lamba. Tsaba guda ta 80 da ta faɗo ta saura za ta shiga ƙarƙashin 180 ta yi ta karta.

(f) Takardar da ta dakushe a yar da ita. Tsohuwar 80 ba ta zama 120, sai dai ta riƙa murza katako ba ta yanka.

(g) A ɗan kashe kaifin gefuna da kusurwoyi. Shafi ba ya zama da kauri a kan gefe mai kaifi, daga nan ya ke fara ɓarewa, daga nan kuma sartse ke tashi.

(h) Gam da ya tsattsafo a mahaɗa a kankare shi duka, gama rini ba ya kama inda gam ya ke, sai wurin ya fito fari.

(i) Mai aiki da injin guga mai juyawa ya riƙa tafiyar da shi a hankali. Gaggawa ta kan bar 'yan zobba-zobba. In ya gama, ya bi da hannu da lambar ƙarshe, bisa tsawon jijiya.

8. TSAKANIN SHAFI DA SHAFI

Shafi ɗaya ba ya isar abin da za a yi shekaru ana aiki da shi, a kan yi biyu ko uku. In na fari ya bushe za a ji shi da ɗan kaushi, saboda gashin katako da ƙurar da ta sauka a kai. A bi shi da 320 da hannu marar nauyi, a share, a sake shafawa. Gugar nan tana baje ƙurar, tana kuma ba shafi na biyu wurin kamawa. Alamar bushewa ita ce takarda ta fitar da farin gari. In ta fitar da 'yan dunƙule masu danƙo, bai bushe ba, a ƙara masa kwana. Da damina bushewa ta kan yi nawa, da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Kada a yi guga da shafi a ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya. A share ɗakin, a yayyafa ruwa a ƙasa, a bari ƙura ta kwanta tukuna. Shafin ƙarshe ba a goge shi.

9. LAFIYAR MA'AIKATA

Garin katako ba abin wasa ba ne, kuma mafi laushin takarda ita ke fitar da garin da ya fi shiga ƙirji. A 1995 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa garin katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na cikin hanci, ga masu shaƙarsa shekara da shekaru. Garin loko ya kan sa ƙaiƙayin fata, na obece kuma ya kan jawo asma ga wasu. Ya kamata mai guga ya rufe hanci da baki da abin rufewa na ƙwarai, ya yi aiki inda iska ke ratsawa. Yawanci yaran shago a ke bar wa guga, su ne kuwa ba su da bakin da za su nemi kariya. Hakimi uban ƙasa ne, kalma ɗaya daga bakinsa ga maigidan shago ta isa.

Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, dalma kuwa guba ce, ta fi yi wa ƙananan yara illa. Kada a goge tsohon fenti a bushe cikin aji ko ɗakin shan magani. A fitar da kayan waje, a jiƙa wurin, a yi aiki da samfefar da ke jure ruwa, a kwashe dattin a kawar da shi nesa da yara da rijiya. Haka kuma tsumman da aka shafa mai da shi kada a dunƙule shi a jefar a lungu, gama wani irin mai ya kan yi zafi da kansa har ya kama wuta. A shanya shi a fili ya bushe, ko a tsoma shi cikin ruwa.

10. ABIN DA MALAMI ZAI RUBUTA, DA YADDA ZA A DUBA

Gardama tsakanin mai kwangila da masu biya ta kan taso ne daga maganar da ba a rubuta ba. In takarda ta ce a goge sosai, ko wane mutum da nasa sosai. In ta faɗi lamba, gardama ta ƙare. Ga misalin yadda za a rubuta:

"Bencina 40 na busasshen maɗaci. A goge da lamba 80, da 120, da 180, bisa tsawon jijiya. A kashe kaifin gefuna. Banish shafi uku, a bi tsakaninsu da lamba 320. Kada a shafa kome sai wakilin hakimi ya duba ya sa hannu."

Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne ginshiƙi, domin lokacin dubawa shi ne bayan guga, kafin shafi. Wakilin da aka aika ya yi abu huɗu. Ya fitar da abin waje da safe ko da la'asar, ya karkata shi yadda haske zai kwanta a kansa, ya duba daga gefe, nan karce da tudu za su yi inuwa. Ya shafa tafin hannu ko'ina, har gefuna da ƙarƙashin baki. Ya sa a shafa tsumma mai ɗan tina a wuri ɗaya ko biyu, gama muddin wurin yana jiƙe zai nuna kamannin da zai yi bayan banish, da karcen da ya saura, da tabon gam. Sa'an nan ya nemi a nuna masa takardun da aka yi aiki da su, ya juya bayansu ya karanta lamba. Kada ya yarda da wanda aka zaɓo masa, shi ya zaɓi uku ko huɗu da kansa daga cikin tarin.

In aikin da rini ne, a sa kafinta ya yi gwaji a kan guntun katako irin na aikin, ya goge shi da lambobin da aka rubuta, ya rina, ya shafa. In an amince da launin, malami ya rubuta kwanan wata a bayansa ya ajiye a ofis. Ranar karɓar kaya da shi za a gwada.

Wajibi ne kuma a yi wa kafinta adalci. Guga ta lamba uku tana cin lokaci da takarda fiye da ta lamba ɗaya, wanda ya matse farashi har ya hana mai sana'a ribarsa shi ya koya masa tsallake. A sa kuɗin samfefa da kwanakin bushewa cikin ƙiyasi tun farko, kada kuma a matsa masa ya kawo kaya ran biki alhali shafi bai bushe ba. Kuɗin takardun nan kaɗan ne in an gwada da kuɗin katako da na mai, amma su ke sa benci ya yi shekaru yana aiki maimakon a sake ba da kwangilarsa baɗi.

Ana fatan hakimai za su sa a karanta wa kafintocin gundumominsu wannan darasi, malamai kuma su kwafi misalin yarjejeniyar nan su ajiye cikin fayil, domin ranar da bukata ta taso.